Ranar da Aka Kawo Bidiyon Tsargiya

Ni ɗan Nasarawa ne, a Birnin Kebbi, amma aikin koyarwa na fara shi ne a Argungu, a wata firamare da ke dab da unguwar masunta. A lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, komai daga can yake zuwa: alli, albashi, canjin wurin aiki, har da faɗa. Aka ba ni aji biyar, aka ɗora mini kimiyya, don an ga ina da rawar kai kuma sauran malamai duk sun zille. Kayan aikina allo ne da ya koɗe, da alli, da bakina. Idan zan koyar da yadda jini ke zagaya jiki sai in zana zuciya, yara su ce mangwaro ne. Ban taɓa jin haushinsu ba, don ni ma idan na ja baya na duba, mangwaron nake gani.

Monitan ajina ɗan masunci ne, siriri, mai manyan idanu da yawan tambaya. Shi ne ya taɓa tsayar da ni ana tsakar darasi ya ce in gaya masa abin da ya sa kifi ke mutuwa a tudu, alhali iska ta fi yawa a tudu. Sai da na kwana ina tunani kafin na ba shi amsa. Ina son yaron nan ƙwarai, kuma ban ɓoye ba. Malami na iya shekara goma yana ihu a gaban aji bai samu irinsa ba.

Can wajen tsakiyar shekara sai na ga ya fara gyangyaɗi a aji, abin da ba halinsa ba. Tafin hannunsa ya yi fari fat. Idan aka fita wasa sai ya jingina da bango yana kallo. Wata rana ya miƙe zai goge allo, na hangi tabo a gaban wandonsa, ja da ya bushe ya koma ƙasa-ƙasa. Da aka tashi na tsayar da shi, na tambaye shi ko ya ji ciwo ne.

Yaron nan ya dube ni yana murmushi, har da ɗan ɗaga kafaɗa. Ya ce, "Malam, ai ba ciwo ba na. Girma na. Tun bara nih hwara."

Na san zancen. A bakin gulbi, idan yaro ya fara ganin jini a ƙarshen fitsarinsa, cewa ake ya zama namiji. Yayyensa su dafa masa kafaɗa, sa'o'insa da ba su fara ba a riƙa yi musu dariya. Ko mu a Birni, yaran da ke bin iyayensu fadamar Zauro aikin shinkafa haka suke faɗa. Amma ni a makarantar horon malamai an koya mana sunan abin: tsargiya. Wata 'yar tsutsa ce da ke fitowa daga jikin katantanwar ruwa, ta huda fatar mutum yana cikin gulbi, ta je ta zauna a mararsa tana ci. Akwai maganinta a asibiti, kuma ba wani mai wahala ba ne. Idan aka bar ta kuwa, a hankali take cinye mutum.

Na je wurin mahaifinsa. Na same shi a bakin ruwa yana gyaran taru, dattijo mai faɗin ƙirji da sanyin magana. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo mini soyayyen kifi, ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Sannan ya ce:

"Malam, ni haka niy yi. Ubana haka yay yi. Ga ni, ɗiyana sun cika gida. Kuma mun ji labari, maganin asibitin ga in yat tsai da jinin, har da zuriya shi ka tsaidawa. Kana so in kashe ma yaro gida tun bai gina ba?"

Na ce, "Baba, wallahi ba haka na ba. Tsutsa ta."

Ya ce, "Tsutsag ga, ka gan ta da idonka?"

Na ce a littafi na gani. Ya yi dariya, ba ta raini ba, irin wadda babba ke yi wa yaro. Ya ce shi tun yana rarrafe yake cikin ruwan nan, ya san kowane kifi da sunansa, ya san kada, ya san matsattsaku, amma bai taɓa cin karo da tsutsar da nake faɗa ba. Na ɗauki tsinke na zana masa a ƙasa. Ya leƙa, ya ce zanen ya yi kyau. Na tashi da kifinsa a cikina da baƙin ciki a zuciyata. Ni baƙo ne a garin, saurayi, ba ni da hurumin ɗaukar ɗan mutum in kai a ba shi magani ubansa bai yarda ba. Da na yi haka, da ranar zan bar Argungu.

Da hutu ya zo aka tara mu malaman kimiyya a Birnin Kebbi don wani kwas. Yawancin kwas ɗin nan barci ne da jiran abinci. Amma a rana ta ƙarshe aka shigo da talabijin da akwatin bidiyo, aka ce an samo wata sabuwar hanyar koyarwa, zane ne mai motsi, katun. Aka nuna mana na ruwan sama, aka nuna na tsiron wake. Sai aka sa kaset na uku, na gyara zama.

Wani yaro ne aka zana, da ɗan gajeren wando, yana fitsari a bakin rafi. Sai hoton ya nutsa cikin ruwan, ya yi ta girma, har ga ƙwai nan ƙanana suna fashewa. Abin da ya fito ya yi iyo ya shige cikin wata katantanwa mai lumsassun idanu. Can sai ga tsutsotsi suna fitowa daga jikinta da 'yar wutsiya mai baki biyu, suna kaɗawa, suka nufi ƙafar wani yaron da ke wanka. Ana gani suka huda fata suka shige. Aka bi su cikin jini har mara. Aka nuna yaron yana ramewa, sannan aka nuna shi ya haɗiyi magani ya warke, ya girma, ga 'ya'yansa a gefensa. Wannan na ƙarshen shi ya fi tsaya mini. Duk abin da na kasa faɗa wa dattijon nan a bakin gulbi, ga shi yana motsi a gaban ido, kuma ko wanda bai ji Turancin da ake yi ba zai gane.

Aka ce mana akwatin ɗaya ne a duk yankin, don haka za a riƙa zagayawa da shi, kowace makaranta rana ɗaya. Ana komawa makaranta, kafin ma in kwance kayana, na sauka bakin ruwa. Na ce wa dattijon za a kawo abin da zai nuna masa tsutsar. Ya ajiye tarun ya dube ni sosai.

"In gan ta tana tahiya?"

"Tana tahiya, Baba. Har inda ta ka shiga."

Ya ce, "To. In nig gan ta da idona, ni da kaina za ni kai shi asibiti. Na hwaɗi."

Kowa a unguwar ya san idan mutumin nan ya ce ya faɗa, to ya faɗa. Na hau tudu ina jin kamar an sauke mini buhu daga ka. Monita ma da na gaya masa sai da ya yi tsalle, ba don magani ba, shi dai yana so ya ga yadda zane ke tafiya.

Yanzu sai in yi maganar hedimastanmu. Ba mugu ba ne, kuma wannan ya fi ba ni haushi, don da mugu ne da na san inda zan ajiye shi. Mutum ne da Allah ya ɗora wa tsoron baƙi. Idan aka ce wani zai zo daga Sakkwato, ko da direba ne, hankalinsa ya tashi ke nan. Da labari ya zo cewa manya za su rako akwatin su ga yadda yara ke karɓarsa, karatu ya tsaya cik. Mako guda ba mu taɓa alli ba. Aka shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa. Aka sassaro rassan dogon yaro aka kafa su a layi kamar shuka. Aka koya wa yara waƙar maraba har muryoyinsu suka dushe. Ni da aka ce darasina za a yi, ba wanda ya tambaye ni ko da kalma ɗaya.

Akwai kuma wata al'ada ta makarantar, wadda na tarar kuma na bari. Duk ranar baƙi sai an yayyafa wa fili ruwa don ya kwanta ya yi kyau, a cika randuna, a jiƙa rassan nan don kada su yi yaushi kafin a iso. Famfon makaranta ya mutu tun kafin zuwana. Gulbi ake zuwa. Kuma kullum 'ya'yan masunta ake aikawa, wai su ne ba sa tsoron ruwa, ba za su nutse a jawo wa makaranta magana ba.

Ranar ta zo. Da safe aka jera yara, hedimasta ya bi layi yana duba su ɗaya bayan ɗaya. Mai guga a riga, mai takalmi, mai aski, ya koma dama. Waɗannan su ne za su zauna a gaban talabijin, tunda ajin ba zai ɗauki kowa ba, ga kujerun baƙi sun cinye rabinsa. Yawancinsu 'ya'yan ma'aikata ne da 'yan kasuwa, masu shan ruwan famfo, waɗanda wasunsu ko ƙafa ba su taɓa tsomawa a gulbi ba. Da ya iso kan monita, ya dubi wandonsa, ya ga tabon nan da wanki ya kasa fitarwa, ya yatsine fuska ya nuna masa hagu. A hagu bokitai ke jira.

Na bi shi har ofis. Na ce, "Ranka ya daɗe, yaron ga shi na monita. Shi ad da ciwon da za a nuna. Ubanai ma shina tahe."

Ya ce, "Malam, kana so manya su zo su ga yaro da jini ga wando? Su ce mi? Su ce ba mu kula da tsabta?"

Na ce, "To a bar su su zauna ƙasa, ko ta taga su leƙa. Ɗiyan gulbi anka yi abin ga dominsu!"

Ya ce in rage murya. Ya ce idan baƙi suka tashi cin abinci za a sake sa kaset ɗin, 'ya'yan masunta su shiga su kalla har su gaji, da iyayensu duka. Ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri, ni yaro ne, ban san yadda ake tafiyar da makaranta ba. Na fito. Ta ƙofar makaranta na hangi layin yaran suna gangarawa, monita a gaba, don ko a ɗibar ruwa shi ne shugaba.

An ce baƙi za su iso da hantsi. Hantsi ya wuce, rana ta take. Duk ruwan da aka yayyafa ƙasa ta shanye, hedimasta ya leƙo ya ga fili ya bushe, ya ce a koma. Aka koma. Ya sake bushewa, aka sake komawa. Bakin gulbin wurin laka ne da ciyawa, sai yaro ya shiga har cinya kafin ya samu ruwan da zai cika bokiti, kuma daidai irin wurin da katantanwa ke so ke nan. Tsakar rana ce kuma, lokacin da aka ce mana tsutsar ta fi fitowa. Ina tsaye a baranda da sabuwar rigata ina kallo.

Sai bayan azahar motoci suka shigo. Aka yi waƙa, aka yi jawabi, wanda ya yi jawabi ya gode wa wanda ya yi kafin shi. Janareto ya ƙi tashi, aka yi ta fama da igiya. Da ƙyar hoto ya fito. Aka kira ni in tsaya gefen talabijin in riƙa fassara.

Na fassara. Na ce ga ƙwai, ga katantanwa, ga tsutsa. Yaran da ke gabana suka yi ta dariyar idanun katantanwar. Wani babba a cikin baƙin ya ce lallai ilimi ya ci gaba. Ni kuwa rabin idona na kan taga. Can ƙarƙashin bishiyar bakin ƙofa na hango dattijon, ya sha rigarsa ta Juma'a da hula, ya bar sana'arsa ta yini guda. Ashe masinja ya tare shi, ya ce ciki na manya ne, ya jira. Ya samu gindin bishiya ya zauna, ya naɗe ƙafa. Ta gabansa ɗansa ke wucewa da bokiti a ka, ruwa na zuba a wuyansa, don yanzu na wanke hannun baƙi ake kawowa.

Ana gamawa aka yi tafi. Baƙi suka nufi ofis inda aka jera musu shinkafa da kifi. Na juya zan mayar da kaset baya, sai na ga mai kula da akwatin yana naɗe waya. Na ce masa an yi alkawarin za a sake nunawa. Ya ce shi ba wanda ya gaya masa, man janareto ya kusa ƙarewa, kuma gobe da sassafe ana jiran su a Augie. Na ruga wurin hedimasta. Na same shi a tsaye bayan kujerar babban baƙo yana zuba masa ruwa a kofi. Na raɗa masa a kunne. Bai ko juyo ba, ya ce, "Wani karon, Malam."

Ban san lokacin da na fita ba. Ina isa gindin bishiya ana ɗora talabijin a bayan mota, an lulluɓe shi da bargo. Na tsuguna gaban dattijon. Shi ya riga ni magana, kuma ba fushi a muryarsa ko kaɗan.

"Malam, kak ka damu. Ni na ga abin da niz zo gani."

Na ce, "Baba, ba ka ga komi ba."

Ya ce, "Na gani. Tun da niz zo nan nike zaune. Kai kac ce min ruwan ga na da cuta. To ga shi hedimasta, wanda yah hi ka karatu, tun sahe shi ka aika ɗiyanmu ciki. Ga manya sun taho tun daga Sakkwato, masu akwatin da kansu, da ruwan sunka wanke hannu, ba wanda yac ce a daina. In da akwai tsutsa, masu ilimi ba su yin haka ga ɗiyan mutane. Hankalina ya kwanta. Kai dai yaro na, kana da tausai, Allah shi yi ma albarka."

Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya karɓi bokitin daga kan ɗansa ya ajiye, ya kama hannunsa suka tafi. Makarantar da na ce ya yarda da ita, ita ta ba shi hujja, kuma hujjar da idonsa ya gani ce.

Na koma wurinsa bayan haka, ba sau ɗaya ba. Kullum tabarma, kullum kifi, kullum murmushi. Zancen ya riga ya mutu. Wani karon da hedimasta ya ce bai taɓa zuwa ba, akwatin ma daga baya muka ji ya lalace a hanya an kai shi gyara. Monita bai gama aji shida ba, yawan fashi ya sa aka ba wani muƙaminsa, daga nan ya daina zuwa. Ni kuma aka mayar da ni Birnin Kebbi. Hedimasta ya samu ƙarin girma, an ce baƙi sun yaba da tsabtar makarantarsa. Har yau idan na tuna fuskarsa yana zuba ruwan nan a kofi sai in ji ɗaci a harshena. Mutane na cewa a yafe, ya riga mu gidan gaskiya. Ina yi masa addu'a kamar yadda ake yi wa kowane Musulmi, amma ban ce na manta ba.

Shekaru bayan haka wani tsohon ɗalibina ya tsayar da ni a kasuwa ya ce monita ya rasu. Ya daɗe yana jinya, ƙafafu da fuska suka kumbura, fitsari ya ƙi fita. Da aka kai shi asibiti a ƙarshe, likita ya ce ƙoda ta riga ta tafi. Ana maganar nema masa aure ke nan.

Na shiga mota na tafi Argungu ta'aziyya. Dattijon ya tsufa, ƙirjin nan ya rankwafa, amma ya gane ni nan take. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ya ce ajali ne, ya ce yaron har ya kwanta yana yawan ambatona. Muka yi addu'a muka shafa. Da zan tashi sai ya ce in dakata, ya ƙwala kira cikin gida. Wani ɗan yaro ya fito, siriri, ƙafafunsa da danyar laka, ya durƙusa ya gaishe ni. Autansa ne. Dattijon ya ɗora hannu a kansa, idanunsa cike da hawaye, fuskarsa kuma ta ɗan saki.

Ya ce, "Allah bai bar ni haka nan ba, Malam. Ga ƙanenai. Shi ma bana yah hwara."